Dama Zakara, Hagu Marar Suna

Wani ne a Gaya, a shekarun nan da Faransawa suka tattara komatsansu aka ɗaga sabuwar tuta a gidan kumandan. Mutumin ba mugu ba ne. Ba ya sata, ba ya fashin salla, ba ya dukan jakinsa. Ciwonsa guda ɗaya ne tak: ba ya sayen abu sai ya gwada shi da ɗan'uwansa. In ya je sayen goro sai ya ɓantari na wannan, ya ɓantari na waccan, ya tsaya yana tauna da kunci biyu, ido a lumshe, har masu goron su gaji su ɗauke farantansu. Ya taɓa sayen takalmi wari da wari, ƙafar dama na Kamba, ƙafar hagu na Malanbil, ya yi damina guda yana ɗingishi don ya ga wanda zai fara tsinkewa. Mata masu soyayyen kifi a bakin kogi in suka hango shi tafe sai su ja zane su rufe kayansu.

Sana'arsa amalanken jaki. Tun da aka gama gadar da ta haɗa Gaya da Dahome kaya suka yawaita, shi kuwa yana kwasa daga bakin gada zuwa kasuwa, yana samun na gero.

Matarsa Balki 'yar Bengu ce. Ubanta, Malam Na'Allah, manomin rake ne, kuma Allah ya yi masa jiki. In ya zauna a tabarma, sai dai a tambayi inda tabarmar ta shiga. 'Ya'ya mata biyu gare shi. Babbar, Adama, ya ba wani mai tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, wanda ya biya sadaki cif, ya kawo kaya har da keken ɗinki. Balki kuwa, da yake uban gogan naku abokin tsohon ne tun suna gudu ba wando, kusan kyauta aka ba shi ita: 'yar ƙwaryar goro, aka shafa fatiha, aka watse.

To, sai gwiwa ta fara yi wa tsohon gardama. Ya ce ya gaji da sunkuyo, zai danƙa garkarsa ta rake ga ɗaya daga cikin surukan nan biyu. Garkar nan kuwa a tsakiyar fadama take, ruwanta ba ya ƙafewa ko da bazara. Duk wanda ya same ta ya yi sallama da yunwa, shi da 'ya'yansa.

Balki ta zaunar da mijinta a gindin rumbu.

Ta ce, "Malam, Baba zai zo ran kasuwa. Na yi ta roƙonsa har ya yarda ba zai shiga kamiyon mijin Adama ba, kai za ka mai da shi Bengu. Abu guda nika roƙonka, don Allah don Annabi. Ka kai shi gida lafiya, ka kama bakinka. Kada ka gwada komi."

Ya ce, "Yo ni mi zan gwada? Baban naki ai guda ne, ba ni da wani da zan aza su tare."

Ta ce, "Wallahi da biyu ne da ka aza."

Sai dai akwai matsala. Ƙarafa biyun da ke riƙe da katakon zama a bisa ƙafafun amalanken, ɗaya dama ɗaya hagu, duk sun tsage. Buhun gero suna iya ɗauka da lallami. Malam Na'Allah kuwa ba buhun gero ba ne. Don haka mutumin ya ja jakinsa ya nufi wurin Yakuba mai walda.

Yakuba Badande ne, wurin aikin gada ya koyi sana'ar, da aka gama ya sayi wani tsohon inji mai ƙugi ya kafa rumfa a bakin hanyar Dosso. Shi kaɗai ne a garin, saboda haka ba ya da lokacin dogon zance.

Mutumin ya gaishe shi da Dendanci ya ce, "Fonda goy, Yakuba. Sannu da wuta."

Yakuba ya amsa, ya leƙa ƙarƙashin amalanken, ya ce, "Aikin daga ƙasa yake, sai an kife shi." Aka kwance jaki, ya kira wasu masu kamiyo da ke jiran gyara, suka kama suka juya amalanken ta gefe. Ya kwanta ƙafafu sama kamar mataccen kyankyaso.

Daga nan Yakuba ya yi kuskuren da bai taɓa yafe wa kansa ba. Ya buɗe baki ya ce, "Da wace sanda kake so in yi maka? Iri biyu gare ni."

Mutumin ya ji wani daɗi ya ratsa shi. Ya ce, "Biyu?"

Yakuba ya fito da su. Sandunan walda ne, sirara, kowace da ɓawo mai toka-toka a jikinta. Na farko a cikin jan kwali suke, da hoton zakara a bayansa, a jirgin ruwa suka zo Kotonu. Na biyu ba kwali ba suna, a takardar siminti aka naɗe su, ta hanyar daji suka shigo daga Kamba ba tare da sun gaisa da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito ba.

Ya ce, "Wagga mai zakara tana da tsada. Amma in ta kama, ta kama. Wutarta lumui take tafiya, in ta huce ɓawon da kansa yake tashi. Wagga marar suna araha ce. Tana tofi, tana manne wa ƙarfe, in ta sha raɓa ɓawonta zuba yake. A ido za ka ga aiki ya yi kyau, ciki kuwa duk ramuka."

Mutumin ya ce, "Kai ai mai sayarwa ne. Miƙo in gani."

Ya karɓi ɗaya a kowane hannu. Ya sansana wannan, ya sansana waccan. Ya ƙwanƙwasa su a dutse ya kai kunne, yadda mata ke yi wa tukunya. Ya ɗaga su a rana ya ƙanƙance ido. Sannan ya sa mai zakara a kuncin dama, marar suna a kuncin hagu, ya gatsa. Ɓawo ya rugurguje masa a baki. Masu kamiyo suka bar abin da suke yi suka matso.

Yakuba ya ce, "To, wace ta fi?"

Ya tofar, ya goge harshe da hannun riga, ya ce, "Marar suna ta fi gishiri. Amma zakara ya fi ƙashi. Ba a rabu ba."

"To zaɓi ɗaya, ina da aiki."

"Duka biyu. Dama ka yi da zakara, hagu ka yi da marar suna."

Yakuba ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Kai bawan Allah, amalanke ba takalmi ba ne. In gefe guda ya saki, duka ne za ku sha ƙasa."

Mutumin ya ce, "To ai ta haka za a san wanda ya saki."

Wani cikin masu kamiyo ya ce, "Yakuba, yi masa. Mu dai a faɗa mana ranar tafiyar mu zo kallo."

Yakuba ya tayar da inji, ya ɗauki baƙin gilashinsa, ya ce wa kowa ya juya baya. Ya ce wutar nan ba a kallonta da ido tsirara, ko su da suka saba. Masu kamiyo suka juya. Gogan naku kuwa ya zagaya bayan amalanken ya tsuguna, ya ce shi bai ga yadda za a yi ya biya kuɗin wuta biyu ba tare da ya ga wadda ta fi haske ba. Amma shi ba wawa ba ne, ya san Yakuba ya yi gaskiya, bai kamata mutum ya ba wuta ɗaya idanunsa duka biyu ba. Sai ya raba musu aiki. Da aka kama dama, ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya zuba wa zakara idon dama har aka gama. Da aka koma hagu, ya rufe na dama, ya ba marar suna idon hagu. Marar suna na tartsatsi, tana tofi, tana manne wa ƙarfe, Yakuba na fizgowa yana zagi da Dendanci, shi kuwa ko ƙiftawa bai yi ba.

Yana kallo yana haddacewa a fili, "Dama zakara, hagu marar suna. Dama zakara, hagu marar suna."

Da aka gama, masu kamiyo suka sake kamawa suka juya amalanken ya koma kan ƙafafunsa. Mutumin bai ga wannan ba. A lokacin yana can yana kai wa wasu korayen ƙudaje duka a iska, waɗanda ba mai ganinsu sai shi. Jaki ne ya kai shi gida.

Da gari ya waye, maƙwabta suka ji kururuwa. Balki ta iske shi zaune a tsakar gida, idanu sun kumbura sun yi jawur, hawaye na bin gemu.

Ta ce, "Innalillahi! Wa ya rasu?"

Ya ce, "Yashi, Balki! Wani ya zuba mini yashin kogi a ido!"

Da ta ji yadda aka yi, ta riƙe haɓa. Sannan ta jiƙo tsumma da ruwan randa za ta aza masa.

Ya ce, "Tsaya! Kada ki taɓa tukuna. Bari in ji wanda ya fi zafi."

Ya karkata kai dama, ya karkata hagu, yana nishi.

Ta ce, "To?"

Ya fashe da kuka ya ce, "Kunnen doki!"

Ta ce, "Malam, na ce kada ka gwada komi."

Ya ce, "Cewa kika yi ran kasuwa. Yau ba kasuwa."

Ran kasuwa ta zo. Idanun sun buɗe, amma hawaye bai tsaya ba. Malam Na'Allah ya gama cinikinsa, ya sayi garwar man ja da buhun garin rogo na Dahome, ya tsaya a inuwar ɗorawa yana jira. Mutumin ya iso, ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, kai a ƙasa, hawaye na ɗiga. Tsohon ya dube shi ya ce a ransa, ashe yaron nan yana ƙaunata haka.

Mutumin ya shimfiɗa buzu a gefen dama, ya karkaɗe, ya sake karkaɗewa. Ya ce, "Bismilla, Baba. Nan ne wurin manya." Tsoho ya hau, amalanke ya yi ƙara ya yi shiru. Man ja da garin rogo aka ɗora a tsakiya. Shi kuwa ya ɗosana a gefen hagu, ya ce a ransa in ma marar suna za ta ci amana, to ta ci tasa. Gaskiya a nan kam ba wanda zai ce bai yi tunani irin na ɗan kirki ba.

Balki ta biyo su har bakin gari. Da yake gaban ubanta ne, sai ta kama leɓenta da yatsu biyu ta nuna wa mijin. Ya gyaɗa kai.

Suka kama hanyar Bengu. Kuma wallahi ya yi ƙoƙari. Suka wuce gonakin dawa, suka wuce giginyu, bai ce uffan ba. Tsoho ya yi zancen damina, ya ce, "Haka ne, Baba." Ya yi zancen haraji, ya ce, "Haka ne, Baba." Daɗi ya kama Malam Na'Allah. Ya gyara zama ya ce, "Mijin Adama yana da abin hannunsa, ban ce ba. Amma in ka shiga motarsa, surutu kamar rediyon kumandan. Rake kuwa mai natsuwa yake so. In mun isa, kafin mu shiga gida, zan zaga da kai in nuna maka iyakar garkar."

Mutumin ya ji kamar ya tashi sama. Garka ta zo hannu. Abin da ya rage masa kawai ya ci gaba da zama yadda yake.

Amma hanya da tsawo, kuma ga shi zaune a kan abin da ba a gama gwadawa ba. Sai ya ɗan motsa. Shiru. Ya ɗan ɗaga ya koma da ƙarfi. Ko gezau. Ya ce a ransa, ikon Allah, marar suna da taurin kai haka? Ya hango wani ɗan rami a gefen hagu, ya ja linzami kaɗan, ƙafar hagu ta faɗa ta fito. Ba abin da ya faru.

Nan fa adalci ya motsa masa. Ai ba daidai ba ne a ce 'yar talaka ta sha rami, shi kuwa zakara yana tafe a shimfiɗe don an haife shi a kwali. Ya nemi rami a dama, ya saka. Tsoho ya yi sama ya dawo.

Ya ce, "Subhanalla. Hanyar ga ta lalace."

"Ta lalace, Baba."

Ramin dama ya fi na hagu zurfi, don haka sai da aka nemo wa hagu wani ta rama. Na hagun kuma ya zarce. Aka koma dama. Jaki ya rasa abin da ake so da shi, yana tafe yana waiwaye. Amalanke ya dinga saƙa a hanya daga wannan gefe zuwa wancan, rawanin tsoho ya warware, carbinsa ya faɗa cikin riga.

Ya ce, "Kai yaro! Bengu za ka kai ni ko ramuka kake gaidawa?"

Mutumin ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce, "Kada ka ji komi, Baba. Kai a kan zakara kake."

Tsoho ya zabura ya ɗaga gefen babbar rigarsa ya leƙa. "Wane zakara?"

"Na Kotonu, Baba. Ba ya saki. Ni ne a kan marar suna."

Malam Na'Allah ya daɗe yana kallon ƙeyar surukinsa. Ya lalubo carbi ya fara ja da sauri.

Suka gangaro fadama. Ga rake kore shar ana hangowa, ga garkar can, ihu ɗaya ya isa. Hanyar ta ƙuntata, shinkafa dama da hagu, ƙasa duk laka. A gefen dama kuwa ga wani dutse ya fito kamar an ajiye shi da gangan. Mutumin ya dubi dutsen. Ya dubi garka. Ya tuna Balki da yatsunta biyu a leɓe. Ya ce a ransa, wannan ne na ƙarshe, daga shi na tuba. Ai zakara ne, me dutse zai yi masa? Kuma Baba ma ya gani da idonsa irin wurin da na zaɓa masa.

Ya ja linzami.

Ƙaras!

Ƙarfen dama ya ɓalle kamar karan dawa. Katako ya zame, amalanke ya tuntsura ta gefe ya kife cikin fadama, igiya ta tsinke. Jaki ya ga ya samu 'yanci shi ma, ya shiga shinkafar mutane. Malam Na'Allah ya nutse a laka har ƙugu, garwar man ja ta biyo shi ta juye masa a ka, buhun gari ya fashe ya rufe aikin. Yana zaune ja da fari kamar kifin da aka shirya wa suya.

Gogan naku ya miƙe daga inda ya faɗa. Bai nufi surukinsa ba. Amalanke ya nufa, hannu a ka, yana kuka.

"Yakuba ya cuce ni! Zakara ya saki! Kuɗina! Idona na dama!"

Manoma suka yar da fartanya suka sheƙo. Suka kama tsoho, masu hannu na ja, masu ƙafa na turawa, laka na riƙewa. Shi kuwa mutumin ya zagaya bayan amalanken ya tsuguna don ya ga ɓarnar da kyau. Amalanke na kwance ƙafafu sama, daidai yadda yake a rumfar Yakuba. Ya rufe idon hagu ya duba dama. Walda na nan daram, ko tsagewa ba ta yi ba. Ya rufe idon dama ya duba hagu. Ga ƙarfe a ɓalle, cikinsa duk ramuka kamar gidan tururuwa.

Ya ce a hankali, "Dama zakara... hagu marar suna..."

Ya miƙe. Ya kwanta ya kalli amalanken daga ƙasa. Ya sake miƙewa. Ya juya tafin hannunsa sama, ya kife shi, yana kallon babban yatsa yana sauya gefe. Sai fuskarsa ta washe. Ya kwasa a guje yana fantsama laka har inda aka jingine tsoho a jikin kunya ana share masa ido.

"Baba! Albishirinka!"

Tsoho ya tofar da laka.

"Baba, zakara bai saki ba! A kife aka yi aikin, da aka juyo shi sai dama ta koma hagu! Ashe tun daga Gaya ni ne a kan mai tsada, kai kuwa a kan ta araha kake zaune! Kuma ka ga ta yi ƙoƙari, da nauyinka da komi sai da ta kawo ka bakin fadama. Amma magana ta ƙare yau. Duk mai hankali ya sayi mai zakara."

Manoma suka kau da kai, kafaɗunsu na rawa. Sai a lokacin mutumin ya tuna a gaban wa yake. Ya durƙusa a cikin laka, ya sunkuyar da kai, ya sassauta murya.

"Sannu, Baba. Allah ya kiyaye gaba. To... in ka huta, ko ma zaga ka nuna mini iyakar garkar?"

Malam Na'Allah ya matse man ja daga gemunsa, ya yarfar, ya dube shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Ai ni ma gwajin nika yi, yaro. Surukai biyu na liƙa wa gidana, ɗaya mai tsada, ɗaya na araha. Yau na ga wanda ya saki."